Wasiƙar Jatau da Turancin Tela Mati

Dalilin da ya sa a garin nan ba a jefa wa babba kalmar Turanci sai an biyo ta da Hausarta, daga kan Tabawa ya faro. Ku matso, kai kuma bar wasa da murfin tukunya.

A da ba haka ake ba. Wanda ya iya Turanci ya yi ta watsawa, mu ce to. Gwaninmu shi ne Tela Mati, da ya yi shekara biyu a Ikko. Ko gwiwar wando zai auna maka, sai ya sa Turanci.

Tabawa na da ɗa guda, Jatau, yana haƙar kuza a Jos. Rannan aka kawo mata wasiƙa da Turanci. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi shagon Mati.

Mati ya juya takarda, ya yi gyaran murya. Mutane sun taru, kunya ta hana shi cewa bai gane ba.

"Iya, cewa ya yi yana lafiya, yana gaishe ki."

"Duk rubutun nan, gaisuwa ce kawai?"

"Haka Turanci yake, Iya. Tsawo gare shi."

Ta koma gida, amma zama ya gagare ta. Ta ɗora tuwo ta manta da shi. Ta kwance takardar daga bakin zane, ta duba, ta ɗaure, ta sake kwancewa. Kwana tara tana haka. A na goma ta taka har garin hakimi, wurin malamin makaranta.

Malam ya karanta, ya ce rami ne ya rufta wa Jatau, yana asibiti, yana kiran uwarsa.

Ta shiga mota. A asibitin ta tarar da wani a kan gadonsa. Aka ce mata an binne Jatau shekaranjiya.

Da ta dawo, shagon Mati ta fara zuwa.

"Mati, kalma nawa ka gane a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. "Sunanki da nasa."

"Da ka ce ba ka sani ba, da na same shi."

Ba ta zage shi ba. Amma daga ranar, duk wanda ya yi Turanci a gabanta sai ta tsare shi: "Me ke nan da Hausa?" Sauran iyaye mata suka ɗauka.

Shi ya sa har yau muke tambaya. To kai Sagir, kalmar da ka jefa mini ɗazu da na aike ka, faɗi Hausarta. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka zo ka ci tuwonka.