Jagoran Mawaƙa da Bakanike

Akwai wani kafinta, 'yan'uwa, da ya daɗe yana jagorantar mawaƙa a cocinsu, har mutane suka daina kiran sunansa, kowa sai "Jagora". Shi ya ƙera bencinan cocin, shi ke gyara ƙofa idan ta lalace, kuma ba a taɓa riga shi zuwa sujada ba.

Ana nan sai wani bakanike ya fara zuwa cocin. Duk unguwa an san shi da shaye-shaye, don an sha tsamo shi daga kwata. Ya tuba, aka yi masa baftisma, ya roƙi a bar shi ya shiga mawaƙa. Jagora ya ajiye shi a layin baya.

Wata Lahadi mura ta dushe muryar Jagora, sai fasto ya ce bakanike ya ja waƙar. Da ya buɗe baki, cocin ya yi tsit. Tsofaffi suka riƙa share hawaye da bakin zane.

A hanyar gida matar Jagora ta ce, "Maigida, ashe mutumin nan haka Allah ya yi masa baiwa? Har tsigar jikina ta tashi."

"Sanyin fanka ne," in ji shi. Ranar ko abinci bai ci ba.

Daga nan duk yabon da aka yi wa bakanike sai ya soke shi kamar ƙusa. Yana goge katako a shago yana ƙorafi a ransa: "Ubangiji, tun ina saurayi nake maka hidima. Wannan da jiya-jiya yake warin giya, shi za ka ba irin wannan murya?" Idan ya durƙusa zai yi addu'a, fuskar bakanike yake gani.

Wata yamma yana dawowa daga sayen katako, ya hango bakanike yana shiga wata mashaya ta ƙofar baya. Maimakon ya ji baƙin ciki, wani daɗi ne ya rufe shi. Ko gida bai biya ba, ya wuce wurin fasto.

"Fasto, ba don son raina nake faɗa ba. Amma mai tsayawa gaban jama'ar Allah bai kamata a gan shi a irin wannan wuri ba."

Dattawan coci suka zauna tare da Jagora, suka kira bakanike. Ya ce, "Gaskiya ne na shiga, amma ban sha ba."

"To me ya kai ka?"

Ya dubi Jagora, ya sunkuyar da kai. "Ku gafarce ni, iyayena, wannan ba zan iya faɗa ba."

Aka dakatar da shi daga waƙa. Bai daina zuwa ba. Yakan zauna a benci na ƙarshe, yana bin waƙa a hankali.

Jagora ya koma gaba shi kaɗai, amma abin ba armashi. Bakinsa na yabo, zuciyarsa a bushe. Ranar jibin Ubangiji aka miƙo masa gurasa, ya bari ta wuce.

Bayan 'yan makonni, babban ɗansa, wanda direba ne, ya same shi a shago. Ya tsaya yana wasa da makullin mota, ya yi magana.

"Baba, mutumin da kuka kora, saboda ni ya shiga wurin nan."

Jagora ya ajiye zarto.

"Na daɗe ina sha a ɓoye, Baba. Shi ya gane, don wurinsa nake kai mota gyara. Ranar nan na bugu, kuma ina shirin ɗaukar fasinja. Ya zo ya ƙwace makullin, ya kai ni ɗakinsa na kwanta. Na roƙe shi kada ya faɗa. Ya ce ba zai tona ni ba, amma zai yi ta addu'a har in faɗa da bakina. Tun ranar ban ƙara sha ba."

Jagora ya zauna a kan buhun garin katako, ya rufe fuska. Can ya tashi, ko ƙurar jikinsa bai kakkaɓe ba, ya nufi gareji.

Ya tarar da bakanike kwance a ƙarƙashin mota. Ya durƙusa a cikin baƙin mai ya ce, "Ɗan'uwa, fito. Ba kishin gidan Allah ne ya kai ni wurin fasto ba, kishin muryarka ne. Ka yafe mini."

Bakanike ya fito yana goge hannu. "Baba, abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Akwai ranar da saura kaɗan in koma sha. Amma wanda Yesu ya yafe wa irin nawa, ina ya ga bakin riƙe wani? Tashi, za ka ɓata wando."

Lahadi Jagora ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Sannan ya kamo hannun bakanike ya kawo shi gaba, shi kuma ya koma layin baya.

Da bakanike ya ja waƙa, Jagora ya ji tsohon kishin nan ya sake motsawa a ƙirjinsa. Ya rufe ido ya ce, "Ubangiji, ga shi nan kuma, karɓe shi." Sai ya buɗe baki ya amsa waƙar tare da sauran.

Darasi: Baiwar ɗan'uwanka ba ta rage taka a gaban Allah. Kafin ka kai ƙarar wani, bincika zuciyarka, don wanda kake neman kayarwa wataƙila shi ke riƙe da gidanka. Idan kishi ya taso, kai shi ga Ubangiji tun bai kai ka ga zunubi ba. Ka tura wa wani wannan labari, ba ka san wanda yake fama a ɓoye ba.