Rawanin Sarkin Keke

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

A garin Rafin Giginya akwai wata mai gidan abinci, Hajiya Tasalla, mace mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ita ke riƙe da ƙungiyar tseren keken garin, ta ciyar da su, ta saya musu taya. Matasa uku ne ƙashin bayan ƙungiyar: Nomau da Jatau da Sallau, aminan juna tun suna jifar mangwaro. Sun sha wuya kafin su hau rukunin manya, to amma hawa daban, zama daban. Ƙungiyoyin birni kamfanoni ke bayansu, kekunansu da yatsa ɗaya za ka ɗaga, ga motoci na bin su da ƙafafun keke na canji. Kullum su ƙara gaba suke, 'yan Hajiya kuwa sai hamdala.

Da tseren ƙarshen shekara ya zo, aka ce in babu ɗansu a cikin goman farko, za a mayar da su ƙaramin rukuni, inda ko kare ba ya zuwa kallo. Abin ya tsorata Hajiya ƙwarai. Ta ce, "'Ya'yan nan, in muka faɗo, wallahi ba ni da ƙarfin sake hawa da ku." Ta shiga a-daidaita-sahu da kular fura da taya ɗaya tilo, ta bi bayansu.

Ranar iska ta taso gaba da gaba. A tseren keke kuwa na gaba ne ke shan iska, wanda ya laɓe bayansa hutawa yake. Nomau ya sa ƙirji ya shige gaba, yana tsaga wa Sallau iska tun daga bakin gari har suka haye tudu, bai taɓa cewa a karɓe shi ba. Can ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. Shi ya zo na ƙarshe a kan keke, sai da masu rake suka fara kwashe kaya.

Nomau na ja da baya ke nan, fus! ƙaya ta fasa tayar Sallau. Ina Hajiya? Tana can baya garken shanu ya tare ta, tana ta sababi, shanu ko a jikinsu. Jatau ya ja birki, ya kwance ƙafar kekensa ya ɗaura wa Sallau, ya tura shi da gudu. Ranar fa surukansa sun yi layi a wurin gamawa don su ga gwaninta, sai ga angon nasu tafe a ƙasa, keke a kafaɗa kamar mai tallar itace.

Sallau ya rage shi kaɗai, babu mai tare masa iska, babu mai ba shi ruwa. Jijiyar cinyarsa ta ɗaure, ya cije ya yi ta taka feda yana cim musu ɗaya bayan ɗaya. A bakin layi ya sha gaban wani ɗan birni da abin da bai fi tafin hannu ba, ya zo na goma. Ya sauko ya zube, ko sunansa ba ya iya faɗa.

Kai, ranar Rafin Giginya ta ga murna! Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta ce kowa ya ci tuwo kyauta. Kashegari dagaci ya aiko mata da rawani, ya ce za a naɗa Sarkin Keke, ita ce uwarsu, ita za ta zaɓa.

Nan fa dariyarta ta tsaya. Ba don Nomau ba, da iska ta cinye Sallau tun a tudu. Ba don Jatau ba, da yana zaune bakin hanya yana jiran shanu su wuce. Ba don Sallau ba kuwa, da wahalar su biyun ta tashi a banza. Ga rawani ɗaya a cinyarta, ga kawuna uku a gabanta, kowa ya sunkuyar da nasa don kunya.

To ku da ke zaune, in ku ne Hajiya, kan wa za ku naɗa shi?