Kaza a Makarantar Ƙidayar Gizo

"Ku matso kusa da wuta, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan tafe gare ku."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

Wata kaza ce wake-wake, mai haƙuri da son 'ya'ya, sai dai ba ta iya ƙirga ba, ko da na Hausa. Da damina ta kankama, maƙwabciyarta Zabuwa ta zo mata da ƙwai biyar. Kun san halin zabuwa, ta iya saka ƙwai amma ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya, balle ta kwanta musu. Ta ce, "Yaya, ki haɗa da naki. In an yi girbi zan zo in karɓi abina."

Kaza ta ce, "Amana ce, na karɓa." Ta haɗa da nata biyar, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe su duka goma. Ta riƙe su ɗaya, ba ta ware ɗan tsako da ɗan zabo.

Shi kuwa Gizo ya taɓa yin saƙa a tagar wata makarantar boko. Yana nan maƙale ya ji yara suna rera ƙidaya da Turanci, ya haddace ta tsaf. Sai ya ɗaura rawani, ya share gindin tsamiya, ya ce ya buɗe makaranta. Ya je ya sami Kaza.

"Uwar 'yan tsaki, haka za ki bar yaran nan su tashi ba Turanci a bakinsu?"

"Malam, me za su koya?"

"Ƙidaya. Kuma ke ba na karɓar ladan komai a wurinki."

Daɗi ya kama Kaza. Ba ta tsaya tambayar kanta yaushe Gizo ya fara aikin Allah ba.

Da safe ta rako su. Gizo ya tsaya gabansu yana kaɗa ƙafa, suna bin sa: "Wan, tu, tiri, fo, fayif, sikis, sebin, eyit, nayin, ten." Suka yi ta rerawa har ta zauna musu. Da aka tashi, sai Gizo ya ja ɗan zabo ɗaya bayan tsamiya, ya ce masa an ƙara masa aji, ya kife shi da kwando. Nufinsa ya tara 'yan zabin su yi ƙiba, matarsa Ƙoƙi ta yi masa farfesu.

Kaza ta zo ɗaukar yara. Ta ce, "Malam, sun cika?"

"Ku ƙirga wa innarku ta ji."

Yara suka rera daga wan har ten, suna tsalle suna cuɗanya da juna.

Gizo ya ce, "Kin ji sun kai ten? Ten shi ne goma. Sun cika."

Kaza ta kora su gida tana tafe tana taƙama. Duk wanda ta haɗu da shi sai ta tsayar da yaran su rera masa.

Kashegari Gizo ya kife na biyu. Aka rera, waƙa ta kai ten, Kaza ta yi godiya ta tafi. Rana ta uku ya kife na uku. Aka rera, waƙa ta kai ten. Ai dole ta kai, jikokina. Ko tsako ɗaya ya rage a duniya, in ya buɗe baki zai kai ten.

A ranar ne da la'asar saƙo ya iso cewa Zabuwa na nan tafe gobe. Kaza ta ce a ranta, ba za ta miƙa amanar nan haka kawai ba, sai ta ƙirga wa Zabuwa 'ya'yanta da Turanci, ta ga yadda za ta yi da ido. Ta tara yaran ta ce, "Ku koya mini."

Suka kwaso waƙar a guje. Ta ce, "Ku yi a hankali, kaina ya tsufa." Suka sake, ta sake ɓacewa a tsakiya. Sai ta ce, "To ku jeru. Kowace kalma zan ɗora ta a kan ɗayanku, ko ta zauna mini."

Suka jeru. Ta dangwari na farko da baki: wan. Na biyu: tu. Haka ta bi su, har ta dangwari na ƙarshe: sebin. Ta ɗaga baki za ta ce eyit, ba kan da za ta ɗora shi. Ta duba dama, ta duba hagu. Kalma uku suka rage mata a baki, gabanta kuwa ƙasa ce kawai. Ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba, ga kunyar da za ta sha gobe.

Ta ce, "Ina 'yan'uwanku?"

Ƙaramin cikinsu ya ce, "Malam ya ƙara musu aji."

Nan take Kaza ta juya. Ta sa su gaba har gindin tsamiya, ta tarar da Gizo yana hura wuta.

"Malam, na zo biya karatu."

"Da yammar nan? Ki bari sai gobe."

"Ai ba zai ɗauki lokaci ba. Ni ban iya ƙirga ba sai ina taɓa abu. Ga ƙafafunka nan da yawa, bari in gwada da su."

Kafin ya motsa ta kai wa ƙafa ɗaya sara. "Wan."

Gizo ya yi ƙara, ya ce, "Tsaya, na tuna, akwai ɗalibi ɗaya da bai tashi ba." Ya ɗaga kwando ya fito da ɗan zabo.

Ta sari ta biyu. "Tu."

"Ashe su biyu ne." Ya fito da wani.

Ta sari ta uku. "Tiri. In ci gaba? Na iya har ten yanzu."

Gizo ya hankaɗe kwandon gaba ɗaya, na ukun ya fito da gudu. Shi kuma ya bar rawaninsa a ƙasa, ya haye tsamiya yana ɗingishi.

Kaza ta tsayar da bakwai ɗin nan gefe guda, ukun nan gefe guda, sannan ta haɗa su layi ɗaya. Ta bi su da baki har ta zo sebin, ta numfasa. Ta dangwari na gaba: eyit. Na gaba: nayin. Ta ɗora baki a kan na ƙarshe, ta daɗe ba ta ɗaga ba, sannan ta ce, "Ten."

Yaran suka ce, "Inna, sebin da tiri ten ke nan?"

Ta ce, "Haka na gani da idona."

Da Zabuwa ta iso da safe, Kaza ta jera mata biyar ɗinta, ta taɓa kowanne tana kiran lambarsa, ba wanda ya ɓace. Zabuwa ta yi ta godiya.

To kun ji. Iya rera ƙidaya ba shi ne iya ƙirga ba. In malamarku ta ce ku ƙirga, ku ɗora yatsa a kan tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa, lamba ɗaya abu ɗaya, inda abu ya ƙare nan baki zai tsaya. Wanda ya yarda da zaƙin waƙa bai duba da idonsa ba, za a kwashe masa kaya yana tafi.

Nan ta tsaya, ƙurungus, na ɗora ta a kan kusu ya gudu da ita.