Kurege da Rinanniyar Gyaɗa

Ku ajiye wayoyin nan, ja'irai! Kai Ɗanliti, ka ɗauka ban ga taliyar da ka ɓoye a bayan randa ba? Ke kuma Hansatu, tun la'asar kike juyi da atamfa mai hoton wani ƙato, ko sunan garinsu ba ki sani ba. Saura kwana tara a zaɓi shugaban ƙasa, na tambaye ku wa za ku zaɓa, kun ce wanda ya fi rabon kaya. Tir da wannan magana! Ni ma na taɓa karɓar atamfa. Ta koɗe tun kafin a haife ku, kuma har yau rafi nake aiken ku ɗiban ruwa. Ku matso kusa da murhu ku zauna.

Ga ta nan ga ta nanku, in kuna da kunnen ji.

"Ta zo mu ji ta, Iya."

A wancan zamani Kurege yana da kunnuwa manya, har sun fi na Zomo. Ga jela buzu-buzu, kullum safe sai ya shafa mata man kaɗe kafin ya gai da kowa.

Sai Zaki ya mutu, bai bar ɗa ba. Namun dawa suka taru, suka ce a zaɓi shugaba ɗaya ya riƙe dawa duka damina huɗu. Abin da ya dami kowa ruwa ne. Tafki ɗaya ne a dawar, shi ma ya cike da laka. Da rani manya su kutsa tsakiya su sha, ƙanana su tsaya a baki suna lasar taɓo.

Mutum uku suka fito takara. Ga Kura, ga Jimina, ga Gyado, aladen dajin nan mai haure da mummunar fuska.

Kurege ya je gidan Kura ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, ƙananan dawa a tafin hannuna suke. Ɓera, Gafiya, Bushiya, inda na tsaya nan za su tsaya."

Kura ta yi dariya ta ce, "Ni in na hau, da kaina zan yi gadin tafki." Ta ba shi ƙwaryar ƙuli-ƙuli. Ya ci, ya lashe hannu.

Ya je gidan Jimina ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, ƙananan dawa a tafin hannuna suke. Inda na tsaya nan za su tsaya."

Jimina ta miƙe wuya ta ce, "Ni in na hau, da hadari zan yi magana baki da baki. Ka ga tsawona?" Ta ba shi ƙwaryar aya. Ya ci, ya lashe hannu.

Ya je wurin Gyado, ya tarar da shi cikin rami, laka har ido.

"Ranka ya daɗe, ƙananan dawa a tafin hannuna..."

"Ba ni da abin ba ka," in ji Gyado. "In na hau, yashe tafki za mu yi. Kowa zai ɗauki ƙasa a ka."

"Har ni?"

"Har kai."

"Da wannan jelar?"

"Ka naɗe ta."

Kurege ya yi tsaki ya tafi.

To, al'adar dawa ita ce ranar zaɓe kowa ya bi layi a bayan nasa, ido na ganin ido. Kurege ya kwanta ya tuna ya yi wa Kura alkawari, ya yi wa Jimina alkawari, jiki kuwa ɗaya gare shi. In ya tsaya bayan Kura, Jimina ta harbe shi da ƙafa. In ya tsaya bayan Jimina, ba sai na gaya muku abin da Kura za ta yi ba.

Sai ya ruga wurin tsoho Kunkuru, wanda aka ɗora wa kula da zaɓen.

"Baba Kunkuru, layin nan zalunci ne. Ta yaya Ɓera zai tsaya inda yake so alhali Kura na kallonsa? A yi bukka, a sa tulu uku a ciki. A ba kowa ƙwayar gyaɗa ɗaya, ya shiga shi kaɗai ya jefa inda ransa ya kwanta."

Kunkuru ya daɗe yana dubansa. "Yau ka yi magana mai kyau. Amma me ya sa gyaɗa, ba tsakuwa ba?"

"Tsakuwa tana fasa tulu, Baba."

"To. Sai dai don kada wani ya zo da ta gidansa, zan rina ta."

Kunkuru ya sa aka ɓare gyaɗa ɗari uku, aka kai marina, aka jiƙa ta cikin baba kwana uku, ta fito shuɗiya. Kurege ya yi ta tsalle, ya kuɓuta.

Ranar zaɓe da safe matarsa Kuregiya ta tare shi a bakin rami.

"Maigida, ka ci na Kura, ka ci na Jimina, ban ce komai ba. Amma dubi 'ya'yanka, bakinsu duk ya tsage. Gyado za ka sa wa."

Ya dubi yaran, ya sunkuyar da kai. "Gyado zan sa wa," in ji shi. Kuma ku ji ni da kyau, da gaske yake. Nan ne abin baƙin cikin.

Ya laɓe sai da kowa ya gama, ya karɓi gyaɗarsa ya shiga bukka. Ga tulu mai ƙashi a wuya, na Kura. Ga mai gashin tsuntsu, na Jimina. Ga mai shafen laka, na Gyado. Ya ɗaga hannu zai jefa, sai ƙamshi ya bugi hancinsa.

"Bari in ɗan lasa, in ji ko rini ya ɓata ta."

Ya lasa. Ya ɗan ciza gefe. Ya duba hannu, babu gyaɗa.

"Kash! To bari in aro wata in jefa."

Tulun Kura, ko taɓawa ya ji tsoro. Tulun Jimina, ya girgiza ya ji 'yan kaɗan ne, za a gane. Tulun Gyado kuwa ya ji nauyi. Bakin tulun ƙanƙane ne don kada hannu ya shiga, amma hannun Kurege ya shige sumul. Ya ciro ɗaya daga tulun Gyado don ya jefa wa Gyado. Kun ji hankali! Tana hanyar komawa ta bi ta baki.

"Ai ya yi nisa, ɗaya ba za ta rage shi ba."

Ya ciro wata. Ɗaya ba za ta rage shi ba. Ya ciro wata. Ɗaya ba za ta rage shi ba. Sai da ya ci tara ban da tasa, sannan ya goge baki ya fito yana kaɗa jela.

Aka juye tulu a kan tabarma aka ƙirga a gaban kowa. Jimina ko ashirin ba ta kai ba. Kura ta fi Gyado da huɗu.

Kunkuru ya ɗaga sanda ya ce, "Ku dakata. Ɗari uku na raba, goma sun ɓace. Duk wanda aka gani da shuni a baki, za a aske jelarsa tas a tsakiyar kasuwa, a sake zaɓe."

Mutanen Kura suka buga ganga, maganar tsoho ta nutse. Amma Kurege ya ji, da manyan kunnuwan nan nasa. Ya tafi gida baki a rufe.

"Maigida, lafiya?" in ji Kuregiya.

Ya gyaɗa kai.

"Buɗe bakinka."

Ya girgiza kai. Ta mintsine shi a cinya, ya yi ƙara. Haƙora shuɗi, harshe shuɗi, har ganda.

Ta zauna a ƙasa. Can ta ce, "Tashi ka je wurin Baba Kunkuru ka buɗe masa. Gashi ne, zai sake tsirowa. A sake zaɓen nan."

Ya dubi jela, ya dubi yara, ya sake duban jela.

"Bari dai mu ga kamun ludayin Kura," in ji shi.

Suka gani kuwa. Kura ta cika alkawari, ta shimfiɗa buzu a bakin tafki tana gadi da kanta. Gafiya ta aiki 'ya'ya biyar shan ruwa, huɗu suka dawo. Washegari uku. Ba a yashe komai ba. Gyado ya saɓa haurensa ya yi gabas neman inda zai haƙa rijiya. Kuregiya ta goya ƙarami, ta ja manyan, ta bi sawunsa. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ran nan Kura ta aika a kira Kurege. Ya zo da tsumma ɗaure a baki.

"Kai ka kawo mini ƙananan dawa, kai za ka zama maroƙina. Yi mini kirari in ji."

Ya nuna kunci, wai ciwon haƙori. Kura ta sa farce ta fizge tsumman. Ta duba, ta sake dubawa, ta gane komai.

"Ashe kai ne. To, bakin nan bai kamata ya yi yawo a gari ba. Bari in adana shi a cikina."

"Ranki ya daɗe, ci ni!" in ji Kurege. "Amma rinin Kunkuru ya ratsa ni har hanji. Kina tauna ni bakinki zai yi shuɗi, gobe a ce ke kika cinye goman nan. Jelarki za a aske, a kira Gyado."

Kura ta tsaya, miyau na zuba. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya.

"Gaskiyarka. Amma kunne ban ga shuni a jikinsa ba."

Ƙaras! Ƙaras! Ta tauna, ta haɗiye.

"Kuma kada in ƙara ganinka a bakin tafki, kada ka buɗe baki shan ruwa wani ya gani."

Damina huɗu dawa tana kuka. Ana zagin Kura a ɓoye, ana tsine wa wanda ya ci gyaɗar, Kurege yana tsaye a wurin ba halin ya ce uffan. Shunin ya fita tun damina ta biyu, amma shi bai yarda ya fita ba. Shi ya sa har gobe in kun hange shi a gona, za ku gan shi tsaye kan ƙafa biyu, ba kunne, hannu biyu a baki, yana duban gabas.

Ƙurunƙus kan Kurege mai guntun kunne.

Darasin kuwa, tunda ku ba ku jin magana sai ta ciki: in za ku ci abu, ku fara duba ko an rina shi. Ɗanliti, je ka dafa taliyarka, ba ta wuce kwana biyu. Shi ma Kurege gyaɗa goma ya ci. Ya biya da kunne biyu, da mata, da 'ya'ya, da ruwan sha. Jelar dai tana nan, ba mai kallonta.