Tarar da Salifu ya biya da irin shukarshi

Akwai wani manomi a garin Sarkin Hausa, cikin yankin Mayahi, sunanshi Salifu. Ku gyara zama tukuna. Masu karanta layi biyu su zarce ƙasa neman darasi, na san ku ɗaya bayan ɗaya, kuma yau ban yafe ba.

Salifu yana da gona biyu, da matarshi Zara'u, da ƴaƴa huɗu, da wani jan moto, wato babur, da ya sayo da kuɗin ci-rani. Ya yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, don haka duk wanda aka aiko ma takardar faransanci a unguwarsu, wurinshi ake kawo ta. Yana jin daɗin hakan ƙwarai, ko da yake ba zai taɓa faɗa maka ba.

Abin da aka fi sanin shi da shi kuwa, kunyar surukinshi ce, Baba Danda. Shekara goma sha ɗaya da auren, bai taɓa kiran sunan tsohon ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabanshi ba. In ya hango shi tun daga nesa, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu, ta bakin Zara'u take bi.

Wata rana cikin bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas, Baba Danda ya aiko a ara mashi moto, zai je gaisuwar rasuwa Tasawa. Salifu ya wanke moton tas, ya cika mashi tanki da man esans. Tsoho ya je ya dawo lafiya, aka maido moto, aka yi godiya.

Kwana huɗu bayan haka, Salifu yana gyaran ƙotar sungumi a ƙofar gida, salularshi ta yi ƙara. Saƙo ne da faransanci. Wai abin hawanshi ya karya dokar hanya, akwai tarar jikka ashirin, wato sefa dubu ashirin, da ba a biya ba. Wai wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe, ya kira lambar da ke ƙasa kafin a kai abin furiyar, inda ake tsare motocin da aka kama.

Ya karanta sau uku. Babu sunanshi a ciki, babu lambar motonshi, babu sunan gari. Amma shi Tasawa kawai ta faɗo mashi a rai. Ya zaga bayan rumbu ya kira.

"Allo, nan biro ne, ofishin biyan tara. Wa ke magana?"

"Salifu ne, ranka ya daɗe, daga Sarkin Hausa."

"Yawwa, Salifu na Sarkin Hausa. Ga takardunka nan gabana. Faɗo mani lambar moton, mu tabbatar."

Ya faɗa.

"Daidai. Ina ya je makon ga?"

"Tasawa, ranka ya daɗe."

"Tasawa, haka aka rubuta. Kai ne bisa kai?"

"A'a. Babanmu ne."

"To, ai shi ne! Tsohon nan. An busa mashi usur ya ƙi tsayawa. Ka san mi wannan ke nufi?"

Jama'a, ku duba mani wannan hira da kyau. Akwai abu ɗaya da mutumin nan ya sani wanda ba Salifu ne ya faɗa mashi da bakinshi ba? Ni da ni suka kira, da har sunan kakar mai biron sai na ji. Amma ni ba a tambayata sai abu ya lalace.

Muryar ta yi sanyi, kamar ta mai tausayi. "Saurara, Salifu. Don na ji kai mai ladabi ne. In kuɗin sun shigo gobe kafin azahar, zan yage takardar. In ba su shigo ba, za a turo mota a ɗauki moton, a ɗauki wanda ya tuƙa shi. Kuma kada ka je wurin jandarma da kanka. In magana ta kai kunnen manya, ta fi ƙarfina."

Salifu ya maida salular aljihu. Moton bai dame shi ba. Abin da yake gani shi ne Baba Danda da farin gemunshi a bayan mota, mutanen gari sun fito suna kallo, ana cewa moton surukinshi ne ya jawo mashi.

Da ya faɗa ma Zara'u, sai ta jawo mayafi. "Bari in je in tambayi Baba. Yanzu zan dawo."

"Ki ce mashi mi? Mijinki ya ce Baba ya gudu ma hukuma?"

"Tambaya ce kawai, Malam."

"Ba tambaya ba ce, zargi ne. In da yana son a sani, da ya faɗa. Kunya ce ta hana shi. Ni kuma in tona mashi asiri don jikka ashirin? Zauna."

Ta zauna. "To, ina kuɗin?"

Salifu ya dubi rumbu.

A wannan lokaci na shekara babu kuɗi hannun manomi. Geron ci ya yi ƙasa, ana auna shi da tsoro. Abin da ya rage mai daraja shi ne iri: zangarkun da Salifu ya zaɓa ɗaya-ɗaya tun kaka, masu tsawo da cika, ya ɗaure su daban, da waken iri da Zara'u ta rufe cikin jarka da toka. Ko yaro ya kwana da yunwa ba a taɓa su.

Zara'u ce ta sussuka su da hannunta, tana hawaye.

Da safe ya kai su Mayahi. Ɗan kasuwa ya zuba hannu cikin buhun, ya ɗaga ido. "Wanga ai iri ne. Ruwa na bisa hanya kana saida iri?" Salifu ya ce ya auna kawai. Aka auna da tiya, aka biya shi farashin geron tuwo.

A shagon tura kuɗi, mai shagon ya danna lambar, ya tsaya. "Malam, sunan wata mata ne ya fito nan fa. Ba sunan ofis ba ne. Ka ce tara za ka biya?"

Akwai mutane a layi suna ji. Salifu, wanda shi ke karanta ma unguwa takarda, ya ji zuciyarshi ta taso.

"Na karanta saƙon da kaina. Kai dai tura."

Aka tura. Ko takardar shaidar tara bai samu ba, sai wani saƙo mai cewa an gode.

Ya yi mako guda yana gaya ma kanshi ya yi abin da ɗa nagari ke yi, irin kuma Allah zai kawo. Sai wata la'asar, ana zaune gindin bedi bayan salla, Ɗan Baba mai amalanken shanu ya zo da salularshi da aka ɗaure da roba.

"Mushe Salifu," ya ce da ɗan faransancinshi, "taimaka. Nasara ya aiko mani takarda. Duba ko gado na ci."

Salifu ya karɓa, ya fara fassara da ƙarfi kamar yadda ya saba. Abin hawanka ya karya dokar hanya. Tarar jikka ashirin. Gargaɗi na ƙarshe. Ko kalma ɗaya ba a canza ba, har lambar.

"Abin hawana?" in ji Ɗan Baba. "Bajimina ne ya yi gudun wuce ƙa'ida? Wanda sai na roƙe shi da Allah da Annabi yake ɗaga ƙafa? Ku ce masu su zo su ɗauke shi, in sun iya tada shi daga kwance na ƙara masu goro!"

Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce shi ma an turo ma uwarshi, ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Salifu ya miƙa salular, ya ce cikinshi ne ke ciwo. A hanya ya kira lambar sau shida. A kashe take.

Kwana uku bayan nan ruwan shuka ya sauka, mai yawa. Gari ya watse cikin gonaki, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Salifu ya zagaya neman rance, kowa ya ce nashi ma da ƙyar zai kai. A kasuwa kuma iri ya yi tsadar da ba ya taɓuwa. Gonarshi ta kwana biyu jiƙe, babu rami ko ɗaya.

A rana ta uku Zara'u ba ta nemi izini ba, ta tafi gidan ubanta.

Da hantsi Baba Danda ya iso gonar da ƙaramin buhu bisa kafaɗa. Salifu ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin laka, kanshi ƙasa. Karo na farko ke nan da tsohon ya yi mashi magana kai tsaye.

"Yaro, ba wanda ya busa mani usur. A shingen Tasawa ma gaisawa muka yi da jandarmomi, ɗayansu har ya yi mani ta'aziyya."

Salifu bai ɗago ba.

"Ka ji kunyar tambayata. To, ga shi na zo da ƙafata, gari duk ya gan ni. Wanne ya fi?" Ya ajiye buhun. "Rabin nawa ne. Ba zai cika gona ɗaya ba. Tashi, ƙasa na bushewa."

Suka shuka abin da ya samu, tsohon na gaba da sungumi duk da an hana shi. Kafin azahar buhun ya ƙare a tsakiyar gonar farko. Salifu ya tsaya a ramin ƙarshe yana duban sauran filin da babu abin zuba mashi, Baba Danda kuma ya saɓa sungumi ya nufi tashi gonar, wadda ita ma bana rabinta zai kwana fili.

Darasi: Saƙon da ya ce ana bin ka tara amma bai san sunanka ba, bai san lambar motonka ba, yana gaggauta ka, yana hana ka zuwa ofis, kuɗin kuma sunan wani mutum za su shiga, wannan na ɓarawo ne. Kada ka kira lambar, kada ka danna abin da suka liƙa ciki, kada ka faɗa masu komai. Ka je wurin hukuma da ƙafarka ka tambaya, in da gaske ne ka biya a ba ka takarda. Kuma kunya abu ce mai kyau, amma kada ta hana ka tambayar da za ta tsare abincin gidanka. Ku tura wannan ga duk mai moto, ku karanta ma iyayenmu da ba su iya karatu. Wanda ya kwafa ya goge sunan shafina kuwa, ya san ina gani.