Sa Hannun Mutawakilu

Akwai wani tela a unguwar Maamobi da ake kira Mutawakilu, ɗan jam'iyya ne na gani kashe ni. Da aka zo zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasa, shi aka tura rumfar zaɓe ya wakilci ɗan takarar da yake goyon baya.

A gabansa aka juye akwati, aka ƙirga ƙuri'u ɗai-ɗai. Mutuminsu ya sha ƙasa, ba ma kusa ba. Abin ya yi masa ciwo, amma ya sa hannu a takardar sakamako ya koma gida.

To, ɗan takara fa ya ce bai faɗi ba. Yau taron 'yan jarida, gobe kotu, jibi wai an saye wakilansa. Mako bakwai ana abu ɗaya, jama'a!

Ana haka sai ga Fatawu, amininsa kuma jagoran matasan ɗan takarar a unguwa, ya shigo shago.

"Abu kaɗan ne," in ji Fatawu. "Ka shiga rediyo ka ce dole aka yi maka ka sa hannu."

"Fatawu, da idona na gani, mun faɗi. Ina son mutumin nan, amma wallahi na gaji. Ya taya ɗan'uwansa da ya ci zaɓe murna mana, mu huta!"

Daga ranar sunan Mutawakilu ya ɓaci. Masu kawo ɗinki suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu. A kasuwar Nima ana nuna matarsa Hawa ana cewa ga matar maci amana.

"Maigida, ka faɗa musu abin da suke so mu samu lafiya," ta ce, murya a sanyaye.

"Hawa, in na ƙaryata hannuna, me ya rage mini?"

Da ya ƙi, Fatawu ya shiga rediyon da kansa, ya rantse an yi maguɗi a rumfar da ko ƙafarsa bai taɓa sawa ba.

Kwana huɗu bayan nan, sai ga ɗan takara a talabijin ya rungume abokin hamayyarsa, baki har kunne. Wai wasu yaran Zango, 'yan unguwar su Fatawu, su ne suka kawo masa rahoton ƙarya. Yara fa! Jam'iyya ta dakatar da Fatawu.

Da hantsi Fatawu ya zo ya tsaya a ƙofar shago, ya kasa shiga.

"Ko wayata ba ya ɗauka," ya ce. "Na rantse da Allah a kan ƙarya saboda shi, Mutawakilu."

Mutawakilu bai ji wani daɗi ba, gajiya kawai yake ji. Ya janyo benci da ƙafa.

"Shigo ka zauna. Shi ya gama da kai. Saura Wanda ka rantse da Shi."

Darasi: Kada ka sayar da gaskiyarka don wanda ya kasa karɓar faɗuwarsa. Manya za su shirya, kai za a bari da ƙaryar. Tura wa duk wanda siyasa ta raba da ɗan'uwansa.