Takardar Da Malam Ashiru Ya Ƙi Buga Wa Hatimi

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna mai suna Malam Lawan. A Katabu yake zaune da matarsa Aziza da 'ya'yansu uku, kullum sai ya ratsa cunkoson Kawo kafin ya isa ofis. Shekararsa goma sha tara yana aiki. Ba ya makara, ba ya karɓar na goro, fayil ba ya kwana a teburinsa. Aibinsa ɗaya ne, baki. A wurin Malam Lawan, duk wanda ya ce ya gaji rago ne kawai.

A bayan ofishinsu akwai wata bishiyar darbejiya da benci biyu a ƙarƙashinta. Duk ranar Laraba bayan sallar Azahar, wasu ma'aikata biyar ko shida suna zama a wurin na rabin awa, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa.

Malam Ashiru ne ya fara haɗa zaman. Shi ne mai karɓar takardu a ma'aikatar, duk wasiƙar da za ta shiga sai ya buga mata hatimi ya rubuta ta a rajista. Shekara biyu da suka wuce ya yi fama da wata irin damuwa da ta ramar da shi, ya daina magana da mutane, har sai da aka kai shi wurin likita. Da ya samu sauƙi, sai ya ce ba zai zuba ido wani ya sha abin da ya sha shi kaɗai ba.

Dokar zaman uku ce. Idan an tambaye ka yaya kake, ba a yarda ka ce "lafiya lau" ba, wannan ta gaisuwar safe ce. Idan mutum yana magana, ba mai ce masa "ka yi haƙuri" sai ya kai ƙarshe, don Malam Ashiru ya ce sau da yawa da ita ake rufe wa mutum baki tun bai fara ba. Sannan abin da aka faɗa a gindin darbejiya, a nan ake barinsa.

Malam Lawan ne ya raɗa musu suna, wai majalisar 'yan kuka. Wata Laraba suna fitowa daga masallaci, ya ɗaga murya a gaban mutane.

"Malam Ashiru, yau wa zai buɗe muku kukan? In aiko muku da hankici?"

Aka yi dariya. Da ya ga ya samu masu taya shi, sai ya ƙara. "Mu da muka taso ba mu san wani abu wai shi damuwa ba. Ka yi sallarka, ka ci tuwonka, ka kwanta. Amma ƙato da gemu ya zauna yana ba da labarin zuciyarsa? Allah ya sawwaƙe."

Maganar ta yi wa Malam Ashiru zafi, kowa ya gani a fuskarsa. Amma cewa kawai ya yi, "Allah ya ƙara maka lafiya, Malam. Benci dai yana da wuri."

Ba a daɗe ba aka mayar da Malam Lawan wani sashe, ƙarƙashin wani darakta da bai taɓa aiki da shi ba. Mutum biyu sun yi ritaya a sashen, ba a kawo madadinsu ba, sai aka tattara aikin tebur uku aka jibga masa. Aka ba shi jerin sunayen ma'aikata sama da ɗari huɗu masu jiran ƙarin girma, ya tantance. Ya gama, aka ce an canza tsari. Ya sake, aka ce a koma na farko. Ranar da ya kusa kammala na uku aka ɗauke wuta, tsohuwar kwamfutar ta tafi da aikin kwana biyu.

Ya ji kamar ya ɗauke ta ya maka da ƙasa. Bai faɗa wa kowa ba. Ina bakin faɗa, shi da ya ce gajiya lalaci ce?

Wata Juma'a, ana dab da tashi, fayil ɗin ya dawo daga ofishin darakta. A saman shafin farko an rubuta da jan biro: "Ka zo ka same ni." Ba a ƙara komai ba. Malam Lawan ya yi sauri ya haura sama, aka ce masa ai oga ya riga ya kama hanyar Abuja, taro ne, sai bayan sati biyu.

Daga nan tunani ya buɗe masa ƙofa.

Ko sunan wani ya tsallake? Ko wani ne ya kai ƙararsa? Ya tuna ranar Talata da ya gaishe da darakta, amsar ba ta fito da kyau ba. Ya tuna wasu biyu da suka yi shiru da ya shigo. A shekara goma sha tara ba a taɓa rubuta masa haka ba, kuma shi a saninsa jan biro ba ya zuwa da alheri. Ya karanta fayil ɗin sau shida bai ga kuskure ba. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ce to lallai kuskuren ya fi ƙarfin idonsa.

Barci ya ƙaurace masa. A sallah sai ya rasa raka'a ta nawa yake. Wata yamma yana cikin motar haya bai san an wuce Katabu ba, sai da ya ga kansa a Birnin Yero. Da ya dawo gida, 'yarsa Ummi ta kawo masa ruwa, ruwan ya ɗan zube a tabarma, ya daka mata tsawar da ta sa ta saki kofin. Tun daga ranar, idan ta ji sallamarsa sai ta shige ɗaki.

Aziza ta same shi ya tasa abinci a gaba bai taɓa ba.

"Abban Ummi, wai lafiya kuwa? Kwana nawa ke nan ina kwashe abincin nan yadda na kawo shi."

"Lafiya lau."

"Wannan ba lafiya ba ce. Ka dubi wuyan rigarka."

"Na ce miki lafiya lau! Ko so kike in ƙirƙiro ciwo?"

Ta ɗauke kwanon ta fita. Shi kuma ya zauna yana jin haushin kansa, yana jin haushinta, yana jin haushin jan biro.

A kwana na goma sha ɗaya ya yanke shawara. A kansa ya riga ya ga komai: takardar tuhuma, kwamitin bincike, sunansa a allon sanarwa, waɗanda ya yi wa dariya suna nuna shi. Ya ce kafin a tozarta shi gara ya tafi da mutuncinsa. Ya zauna ya rubuta takardar ajiye aiki. Bai san da me zai ciyar da gida ba, bai kuma gaya wa Aziza ba.

To amma takarda ba ta shiga sai ta bi ta tebur ɗaya. Da safiyar Laraba ya tsaya a gaban Malam Ashiru, ya ajiye ta ba tare da ya kalle shi ba.

"A buga mata hatimi."

Malam Ashiru ya karanta. Ya san ƙa'ida sarai, da zarar hatimi ya hau, lamba ta shiga rajista, takardar ta fita daga hannun mai ita. Ga mutumin da ya mai da shi abin dariya ya kawo kansa da ƙafarsa. Bugu ɗaya ya isa.

Ya buɗe aljihun tebur ya saka takardar ya rufe.

"Ba zan buga yanzu ba."

"Ba aikinka ba ne? Ko ramawa za ka yi?"

"Aikina ne, kuma haƙƙinka ne. Ban ce ba zan buga ba. Ka zo gindin darbejiya bayan Azahar, rabin awa kawai. Idan mun tashi ka ce in buga, wallahi a gabanka zan buga."

"Ni zan zauna a majalisar..." Sai ya haɗiye sauran.

"Ta 'yan kuka, ita fa. Malam Lawan, ni ma na taɓa rubuta irin wannan takardar. Na san abin da ke kai mutum ga rubuta ta."

Malam Lawan ya tafi yana huci. Amma da aka idar da sallah, ƙafarsa ta kai shi. Ya zauna a can ƙarshen benci kamar wanda ke jiran mota. Ba wanda ya yi masa kallon mamaki.

Hassan direba ne ya fara. Ya ce mahaifiyarsa tana kwance a Rigasa, shi kuma sati uku ke nan ana tura shi tafiya, har ya fara tsoron ƙarar wayarsa. Malam Lawan ya buɗe baki zai ce "ka yi haƙuri," Malam Ashiru ya ɗaga masa hannu. Hassan ya ci gaba har ya gama. Abin da ya ba Malam Lawan mamaki, ba wanda ya warkar da tsohuwar, amma kafaɗun Hassan sun sauka.

Sai aka juyo kansa.

"Malam Lawan, yaya kake?"

"Lafiya l..." Ya tsaya. Ya kalli ƙasa. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na gaji."

Daga nan magana ta ɓalle. Ya faɗi tebur uku, ya faɗi kwamfuta, ya faɗi Birnin Yero. Da ya zo kan Ummi da yadda take guje masa, muryarsa ta karye. Ba wanda ya katse shi. A ƙarshe ya faɗi jan biro da takardar da ke aljihun teburin Malam Ashiru.

Malama Ilham, mai buga takardu da ta shekara shida a sashen, ta dafe kai.

"Malam, wannan rubutun ne ya hana ka barci? Ai oga duk fayil ɗin da ya wuce shafi goma ba ya karantawa. Sai ya rubuta a same shi, don a gaya masa da baki. Jan biro kuwa da shi yake rubuta komai, har sautun kasuwa. Ni sau nawa ya rubuta min? Kowa a sashen nan ya sani."

"Kowa?"

"Kowa. Kai ne ba ka zama da kowa."

Tsakanin teburinsa da na Malama Ilham bai fi taku goma ba. Kwana goma sha biyu yana cin kansa, amsar tana zaune kusa da shi tana buga takardu. Kunya da takaici suka haɗu masa, sai hawaye.

Malam Ashiru ya zaro hankici ya miƙa masa. "Riƙe. Wanda ka ce za ka aiko bai iso ba, sai muka sayi namu."

Aka yi dariya, har da shi, yana share ido.

"Amma ka ji," in ji Malam Ashiru, "ba jan biro ne ya kayar da kai ba, a gajiye ya same ka. Aikin mutum uku kake yi. Mu taya ka rubuta buƙatar a ƙaro maka hannu. Yau ka gaya wa iyalinka gaskiya, ka kuma rarrashi yarinyar nan. Idan barcin bai dawo ba, akwai likitan da ya duba ni, ni zan raka ka. Addu'a kuma ba mu daina ba, tare ake yinsu."

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar da ya taho da ita daga ofis, ya fito da hatimin, ya ajiye su a kan benci.

"Na yi maka alkawari. Ga takarda, ga hatimi. In buga?"

Malam Lawan ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki takardar ya ninke ta huɗu ya tura a aljihu.

"Malam Ashiru, ka yafe min abin da na faɗa ranar nan."

"Na yafe tun ranar. Ai na gaya maka benci yana da wuri."

Ranar Litinin darakta ya dawo. Malam Lawan ya shiga, oga ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Yawwa, me ke cikin fayil ɗin nan? Taƙaita min." Minti huɗu aka gama. Aikin dai bai ragu nan take ba, sai bayan wata biyu aka turo masa mutum ɗaya, kuma sai da ya je ya ga likitan kafin barcinsa ya daidaita. Ummi ma ta ɗauki kwanaki kafin ta koma tarbarsa a ƙofa.

Amma tun Larabar da ta biyo bayan dawowar darakta, da 'yan majalisa suka fito daga masallaci, sai suka tarar da benci uku a gindin darbejiya. Sabon ko fenti ba a yi masa ba. Malam Lawan yana zaune a kai, ya matsa gefe ya bar wuri.

Darasi: Kada ka yi wa mai damuwa dariya, ba ka san ranar da takardarka za ta biyo ta teburinsa ba. Gajiya da yawan tunani ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Idan abu ya cushe maka, kada ka yanke babbar shawara kai kaɗai, nemi wanda ka yarda da shi ka faɗa masa, idan ya ci tura ka ga likita. Idan kuma wani ya zo maka da nasa, bar shi ya gama magana kafin ka ba shi haƙuri. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda ya ce muku "lafiya lau" yau da safe alhali takarda na aljihunsa.